Ina so in sa wa tsohuwar Massey 135 fawa sitiyari, wace hanya ta fi?

Manomin Kadawa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma da kanikawa. Ina neman shawarar wanda ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa, ko aka yi a gabansa.

Muna da tarakta Massey Ferguson 135, ƙirar Ingila, mai injin Perkins silinda uku. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya saye ta hannu na biyu, kuma tun ina yaro ita ke mana huɗa da haro a nan Kadawa, da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir. Injinta lafiya lau, ba ta shan baƙin mai, giya ba ta fita, bugu ɗaya take tashi ko da sanyin hunturu. Abin da ya dame ni sitiyarinta ne.

Direbanta tun zamanin mahaifinmu, wanda duk gidan muke ce wa Baba, yanzu girma ya kama shi. Wanda ya san gonakin ban-ruwa ya san an yanka su ƙanana ne, ga magudana ta nan ga kwalbati ta can, kafin ka yi tafiyar kirki ka kai ƙarshe, sai juyawa. In ƙasa ta sha ruwa laka ta riƙe tayoyin gaba, sai ka ga Baba ya miƙe tsaye yana ja da hannu biyu. Bara yana tsallaka tsohuwar kunya, tayar gaba ta daki busasshen hoge, sitiyarin ya fizge ya buge masa babban yatsa, har yau hannun ba ya dunƙuluwa yadda ya kamata. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya sauka in ɗora yaro, don babu wanda ya san motar nan da gonakin nan kamarsa. Saboda haka motar nake so a sauƙaƙa masa.

Na yi magana da mutum biyu. Na farko ya ce a cire akwatin sitiyarin gaba ɗaya, a sa wani bawul mai bakin tiyo huɗu da ake ce wa obital, ya ce yana da ɗaya da aka ciro daga tsohuwar motar girbi. Mai kuma, wai za a jawo shi daga famfon da ke ɗaga garma a baya, ba sai an sayi wani famfo ba. Nasa ya fi araha nesa ba kusa ba. Na biyu ya ce akwai cikakken saiti da ake kawowa daga Turkiyya da Indiya, da famfonsa da tankinsa da silinda da tiyo, ana barin akwatin sitiyari a wurinsa, silindar tana taimaka wa hannu ne kawai. Wannan da tsada, kuma kuɗin yana bin dala.

Ga yadda motar take: aksul ɗin gaba irin mai lanƙwasa zuwa baya ne, mai tokare biyu a gefe, kuma sandar sitiyari biyu ce, ɗaya hagu ɗaya dama. Taya 6.00-16. Ba ta da shebur a gaba. Har yanzu dainamo ne a jikinta. Bayan aikin gona, lokacin tumatir tana jan tirela cike da kwanduna zuwa Kwanar Gafan, wato tana hawa titin Kano zuwa Zariya tare da manyan motoci.

Wanne zan bi? Kuma akwai abin da ban hango ba?

Tsohon Bakanike, Zariya, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da wannan tunani. Aikin yana yiwuwa, an yi wa 135 da yawa. Amma ɗana, kafin ka ba kowa ko kwabo, ga abin da nake so ka yi ranar da ba fita aiki.

Ka sa jak a tsakiyar gaba ka ɗaga har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare da kututture mai ƙwari, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Sai ka juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Motar da gabanta ke da lafiya, in tana sama da yatsa biyu ake juya ta. In ka ji tauri alhali taya ba ta taɓa ƙasa, to ba laka ce ke wahalar da Baba ba, ciwon yana cikin ƙarfen. Daga nan ka kwance sandunan biyu daga hannun tayoyi, ka kama kowace taya ka juya ta ita kaɗai, sannan ka juya sitiyarin shi kaɗai. Nan take za ka ga inda abin yake.

Yawanci kimfin ne, wato sandar ƙarfen da kowace tayar gaba ke karkata a kanta. A gindin kowane kimfin akwai wani ɗan boris shimfiɗaɗɗe, shi ke ɗauke da nauyin gaban motar duk lokacin da taya ke karkata. Motar da ke shiga ruwan shinkafa, ruwa da yashi suna samun hanya su shige wurin. Tsohon giris ya daskare ya toshe kan da ake bugawa, yaro ya buga sabo, ya ga ya ɓullo ta gefe, ya ɗauka ya shiga, alhali ko ɗigo bai kai ba. Na sha kwance irin wannan in tarar ƙwallayen boris sun zama garin tsatsa, ƙarfe yana cin ƙarfe. Boris biyu da bushi huɗu, kuɗinsu bai kai na tiyo biyu masu kyau ba, amma na ga mutanen da aka sauya musu waɗannan kaɗai suka fasa sayen fawa sitiyarin.

Sai akwatin. Man giya mai lamba 90 ya kamata a ce yana ciki. Motar da ke kwana a fili, ruwan sama yana bin sandar sitiyari daga sama ya gangara ciki, man kuma ya tsiyaye ta sil ɗin hannayen gefe. Buɗe ka gani. Ka duba boljoyin ɗaya bayan ɗaya, da fin ɗin tsakiya da aksul ke lilo a kansa. Ka auna tsakanin tayoyin biyu ta gaba da ta baya, gaban ya ɗan fi matsewa da kamar milimita 3. Iska kuma wajen 26 zuwa 30 a gejin mai faci. Taya mai laushi ko faffaɗar tayar a-kori-kura da wasu ke sawa don araha, duk suna ƙara nauyi. Mai layi uku ita ce tata.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan: fawa sitiyari ba ya warkar da komai, ɓoye ciwo yake yi. Silinda mai faɗin milimita 50, in mai ya matsa ta da bar 80 (bar ma'aunin matsi ne), turawar da take yi ta haura tan ɗaya da rabi, kusan nauyin motar kanta ke nan. Hannun Baba in ya ji tauri yana tsayawa. Silinda ba ta tsayawa, sai ta lanƙwasa hannun taya ko ta tsinke boljoyin. An fara ƙera 135 a 1964 a Coventry, ko autarsu ta haura shekara 40, ƙarfen ya ga duniya.

Yanzu maganar mutuminka na farko. Obital ɗin ba laifi ba ne, amma jawo mai daga famfon baya, wannan kam kada ka yarda. Kulocin 135 hawa biyu ne. In ka taka rabi, tafiya ce ke tsayawa. In ka taka har ƙasa, shaf ɗin baya mai juya kayan aiki ya tsaya, famfon haidurolik ma ya tsaya tare da shi, don daga nan yake samun juyi. To yaushe direba ke taka kuloci har ƙasa? A bakin magudana, a kwana, lokacin da abu ya gitta masa, wato daidai lokacin da ya fi bukatar sitiyari. Bayan haka, a tsarin Ferguson famfon ba ya ba da mai sai in libar ɗaga garma ta nema. In kana son mai ya riƙa fita waje ba yankewa, sai ka karkatar da shi da bawul, garma kuma ta daina ɗagawa. A ƙarshen gona kana bukatar ka ɗaga garma kana juyawa a lokaci guda. Ga matsinsa da ya haura bar 170, ya ninka abin da gaban motar nan ke bukata. Sitiyari famfonsa daban yake so, wanda ke juyawa muddin inji na juyawa. Ka duba jikin murfin taimin, wasu injinan Perkins suna da wani ɗan faranti da aka toshe, nan famfon kamfani ke shiga, giya ke juya shi. In naka ba shi da shi, sai mai bel daga fulin gaban inji.

Ni da tawa ce, tunda tana hawa babban titi da tirela, na biyun zan bi. In tiyo ya fashe ko bel ya tsinke, akwatin yana nan, sandar tana nan, sitiyari zai yi nauyi kamar da amma yana hannunka.

Mai Tantan, Funtuwa, ya rubuta:

Salamu alaikum. Baba bakanike ya faɗi gaskiya a kan gyara gaba tukuna, da kuma famfon baya, ba ni da ja a nan. Amma a yi mini afuwa, a kan obital ina da ɗan bambanci, don ni shi ne a jikin tawa kuma ban yi nadama ba.

Tawa ma 135 ce, sai dai mai miƙaƙƙen aksul, kuma na sa mata shebur a gaba don ɗibar taki da buhunan masara. Da shebur cike, ko ƙato ba ya juya ta a tsaye. Akwatin nawa kuma haƙoransa sun cinye, wanda na samo na gwanjo bai fi shi ba. To saiti mai taimako a kan mataccen akwati ba inda zai kai ni.

Malam, abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne yatsan Baba. Mai taimakon nan yana rage fizgar sitiyari sosai, amma tunda ƙarfe yana haɗe daga taya har hannu, wani abu yana isowa. Obital irin wanda ba ya mayar da bugu, in ka saki sitiyari yana kulle man da ke cikin silinda, ko dutse taya ta daka hannunka ba zai ji ba. Kuma duk Massey 375 ɗin nan da ake kawowa daga Pakistan, waɗanda suka cika gonakinmu, ai wannan tsarin ne a jikinsu, kullum suna kan titi da tirela. Ko inji ya mutu, obital yana zama famfon hannu, da nauyi amma taya tana bi, muddin akwai mai a ciki kuma tiyo bai fashe ba. Fashewar tiyon ita ce haɗarin, na yarda. Maganinsa tiyo mai waya biyu a ciki, wanda aka matse bakinsa da inji, ba wanda aka ɗaure da kilif ba, kuma a bi da shi inda ba ya gugar komai.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su ɗauko kowane obital su haɗa da kowace silinda. Akwai lamba a jikinsa, 80 ko 100 ko 160, ita ce yawan man da yake turawa a juyi ɗaya, da ma'aunin sisi (cc). Na motar girbi da na manyan motocin ɗaukar kaya yawanci babba ne. Lissafin ba wuya. Ka ɗauki silinda mai faɗin milimita 50, sandarta 25, tafiyarta 200. Gefen da ba sanda yana cin wajen sisi 390, gefen sanda wajen 295. Da obital mai 100, juyi kusan huɗu ke nan zuwa gefe ɗaya, kusan uku zuwa ɗayan. Wannan ya yi. Sa mai 160 a wurin, juyi biyu ka ƙure, a kan titi ɗan motsi kaɗan motar ta yi tsalle zuwa gefe. Kuma mai 100, in kana juyi ɗaya a daƙiƙa, lita 6 yake sha a minti, dole famfo ya iya ba da wannan tun inji yana silo, in ba haka ba sitiyari zai riƙa cijewa a kwana. A tabbata kuma irin wanda mai ke wucewa ta cikinsa ya koma tanki ne in ba a juya shi. Akwai wanda ke toshe hanya, na wasu injina ne daban, in ka haɗa shi da famfo mai giya man zai tafasa.

Abu biyu da za su ba Baba mamaki: sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana, kuma ba shi da tsayayyen wuri, yau alamar tana sama gobe tana gefe. Ana sabawa.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba, a kan lanƙwasasshen aksul irin naka aikin ya fi nawa wuya. Akwatin ne ke haɗa tayoyinka biyu. In an cire shi, dole a ƙera tayarod, wato sandar ƙarfe, da zai haɗa su, ko a sa silinda biyu, kuma tokaren gefe suna tare hanya. Wannan ba aikin kowane mai walda ba ne.

Manomin Kadawa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba bakanike, mun ɗaga ta kamar yadda ka ce. Tayar dama da hannu ɗaya take juyawa. Ta hagu sai da muka sa ƙarfi, tana wani gurnani tana tafiya tsalle-tsalle. Kan giris ɗin wannan gefen a toshe yake. Akwatin kuma abin da ya fito daga ciki ruwa-ruwa ne mai launin ƙasa, kaɗan ne ma. Sitiyarin shi kaɗai ba tauri, amma yana da wasa, sai ka juya kamar faɗin tafin hannu kafin hannayen gefe su motsa. Boljoyin ɗaya yana ƙwanƙwasa.

Baba direba yana tsaye a wurin, ya ce shi dama ya daɗe yana jin hagu ta fi dama nauyi, ya ɗauka hannunsa ne.

Zan shiga Ƙofar Ruwa in nemo boris da bushi da boljoyin. Amma ko an gyara, ina ganin zan sa fawa ɗin, don laka tana nan kuma shekarun Baba ba baya suke komawa ba. Maganar famfon baya na ajiye ta. Tambayata yanzu, da wannan wasan na akwati, mai taimakon zai yi aiki kuwa? Ko maganar Alhaji na Funtuwa ce ta hau kaina?

Ɗan Wayarin ya rubuta:

Sannunku iyayena. Ni aikin wutar mota nake yi, bari in kawo wata hanya da ba a ambata ba. Ƙananan motocin yanzu, irin su Yaris da Corolla na baya-bayan nan, ba su da famfo ko mai, ɗan injin lantarki ne a jikin sandar sitiyari yake taya hannu. Ana samunsu a wurin masu kayan gwanjo. Ana yanke sandar tarakta a dasa shi a tsakiya. Ba tiyo, ba yoyo, ba bel, kuma in wuta ta ɗauke sandar tana nan a haɗe.

Sai dai dainamo ba zai riƙe shi ba. Dainamon waɗannan motoci bai wuce amfiya 22 ba, shi kuwa wannan fiyus ɗinsa a mota yakan kai 60. Dole a koma altaneta, kuma a duba wace igiyar batir ce ke jikin bodi, don wasu tsofaffin taraktocin Ingila fozitif ne a bodi, in aka haɗa haka kwamfutarsa ta ƙone nan take. Kuma an yi shi ne don cikin mota inda ba ruwa ba ƙura, sai an yi masa rufi mai kyau.

Tsohon Bakanike, Zariya, ya rubuta:

Alhamdu lillahi, ka ga abin da idonka. Wannan gurnanin na hagu boris ne ya mutu. Ka sauya na gefe biyun duka, kada ka ce dama lafiya take, tsararsu ɗaya. In an buga sabon bushi, a gwada kimfin a ciki, ya shiga ba tauri ba girgiza. In kimfin ɗin kansa ya ci ya yi wuya a inda bushi ke zama, sabon bushi ba zai daɗe ba, sai a sauya shi ko a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe.

Ɗana mai wayarin, dabararka tana aiki a ƙaramar tarakta ta lambu, kuma na ji daɗin yadda ka faɗi aibinta da kanka. Abin da ya hana ni ba da ita a nan, duk ƙarfin da injin lantarkin ya ƙara ta cikin akwati zai bi. Akwatin da aka yi don hannun mutum, ga shi ya sha ruwa shekara da shekaru, ka ninka masa ƙarfi a cikin laka. Ga ruwan shinkafa, ga ƙurar hunturu. A Kadawa ban ga ta kai ba.

Alhaji na Funtuwa, lissafinka daidai ne, kuma mai shebur a gaba ni ma obital zan ce masa. Bambancin, 375 da haka aka haife ta, injiniyoyi suka auna maƙalan silinda da kaurin hannun taya. A 135 mai lanƙwasa, wanda zai ƙera maƙalan shi ne injiniyan, kuma rayuwar mai tuƙi tana kan waldarsa. Hannun taya ƙarfe ne da aka buga da wuta, in aka yi masa walda barkatai yana iya tsagewa daga baya ba sanarwa. Ni ba na walda a kansa.

Maganar wasa. Faɗin tafin hannu ya yi yawa, abin da ake so kamar yatsa biyu a bakin sitiyari. Amma kada ka yanke hukunci yanzu. A wanke akwatin da kananzir, a duba boris ɗin saman sandar, don in ya saki sandar tana hawa da sauka kafin ta juya komai, kuma rabin wasan daga nan yake fitowa. A duba notin da ke riƙe hannayen gefe. A sa sabon sil, a zuba mai, a ɗaure abin da ke ɗauruwa. In wasan ya dawo yatsa biyu ko uku, akwatinka yana da sauran rai, ka sayi mai taimako. In haƙoran ciki sun cinye har ba gyara, sannan mu zauna da Alhaji mu yi maganar obital. Mai taimako a kan gaba mai wasa, abin da yake haifarwa shi ne rawar taya: bawul ɗinsa motsin 'yan milimita kaɗan yake ji, in komai na girgiza sai ya riƙa buɗewa hagu da dama da kansa, a kan titi tayoyi su kama karkarwa.

Wurin saye, ka faɗa wa mai kaya a fili cewa lanƙwasasshen aksul ne, don saitin ba ɗaya ba ne da na miƙaƙƙe. Ka tambaya silinda ɗaya ce ko biyu. Mai ɗaya a gefe guda take zama, ƙarfin da zai juya ɗaya tayar kuwa ta cikin akwati yake ratsawa, shi ya sa lafiyar akwatin ta zama dole. In aljihu zai ɗauka, mai biyu ta fi wa motar sauƙi. Ka buɗe kwalin a gabansa ka ƙirga maƙalai da notuna, ka duba famfon yana da bawul ɗin rage matsi, kuma juyinsa ya dace da inda za a ɗaura shi, don famfo mai giya akwai na hagu akwai na dama.

Bayan an ɗaura, kada a tayar da inji tukuna. Gaba yana kan jak, a cika tanki da man da takardar saitin ta ce, yawanci jan man giyar otomatik ne ko man haidurolik, ba baƙin mai da aka juye daga inji ba. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali ana ƙara mai. Sannan a tayar a bar shi a silo, a ci gaba da juyawa har kumfa ta daina fitowa kuma famfo ya daina kuka. A lura silinda ba ta ƙure kafin taya ta kai matokarinta, kuma tiyo ba ya miƙewa in aksul ya karkata sama ko ƙasa, ku ɗaga taya ɗaya ku gwada. In akwai mai geji, a auna matsin, tsakanin bar 70 da 100 ya ishi irin wannan motar, kuma tunda ba shebur, ƙasa-ƙasa ya fi. In ana neman inda mai ke yoyo, da guntun kwali ake nema, ba da yatsa ba. Mai da ke fita ta ƙaramar huda da wannan matsin yana huda fata ya shige nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa ko da wurin bai yi jini ba.

Shi kuma Baba, a gaya masa abu biyu. Kada ya riƙe sitiyari a ƙure yana jin famfo na kuka, nan mai ke zafi, da zafin bazara kuwa sil ba ya jurewa. Kuma in taya ta nutse a laka ko ta maƙale a kunya, kada ya murɗa ta a tsaye don ya ji abin ba nauyi, ya bar motar ta ɗan motsa tukuna. Babban yatsa kuma a waje, a kan bakin sitiyari, ko da fawa.

Manomin Kadawa ya rubuta:

Madalla, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Haka za a yi, gaba da akwati tukuna. Na duba murfin taimin, babu farantin da ka ce, don haka mai bel ne zai zama. Fulin gaban injin namu layi ɗaya ne, bel ɗin fanka da dainamo ne a kai. Za a iya sa bel mai tsawo ya zagaye famfon duka, ko sai an ƙara fuli?

Tsohon Bakanike, Zariya, ya rubuta:

A ƙara fuli, famfo ya samu bel nasa. In ka haɗa su a bel ɗaya, duk sanda sitiyari ya ɗauki nauyi bel ɗin zai zame, fanka da famfon ruwa su rage gudu, inji ya yi zafi, kuma ranar da ya tsinke ka rasa duka a lokaci guda. Yawancin saitin suna zuwa da ƙarin fulin da ake ɗaurawa a gaban na asali, ka tabbata yana cikin kwalin. Wurin ɗaurawa a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu a ga sun yi layi ɗaya, in ba haka ba bel zai riƙa cin gefe. Ka duba kuma akwai tazara tsakaninsa da fanka da tiyon lagireto na ƙasa. Bayan aikin yini na farko a sake ɗaure bel ɗin da duk notunan maƙalai, sabo yana saki.